Ɗana, Kafin Ka Shiga Duwatsun Sierra a Shekarar da Dusar Ƙanƙara Ta Yi Yawa

Mahaifiyarka ta gaya mini ka samu takardar izinin tafiyar nan da ka daɗe kana buri, wato ka taka da ƙafarka tun daga Campo, a bakin iyakar Amurka da Meziko, har iyakar Kanada, a kan hanyar da ake kira Pacific Crest Trail, tafiyar mil 2,650, fiye da kilomita 4,200 ke nan, ta cikin Kalifoniya da Oregon da Washinton. Ta roƙe ni in hana ka, ni kuwa na ce mata ba zan hana ba, domin saurayin da ya gama karatunsa lafiya, ya tara kuɗinsa da guminsa, yana so ya ga halittar Ubangiji da idonsa, bai yi abin da za a tsawata masa ba. Amma na yi mata alkawarin zan yi maka magana, saboda haka ka ba ni aron kunnenka, ka yi haƙuri da tsawon zancen tsoho.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ke rubuce a takardarka. Masu kula da hanyar mutum 50 kawai suke barin su tashi daga Campo a kowace rana, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma ana rabon ranakun tun hunturu bai gama nuna halinsa ba. Ka zaɓi ranarka ke nan ba ka san irin dusar ƙanƙarar da za ta sauka ba, ga shi kuma bana ta sauka da yawa. A Kalifoniya al'ada ce a auna dusar da ta taru a kan duwatsun Sierra Nevada a farkon watan Afrilu, domin lokacin ne ta fi tsawo, kuma da narkewarta jihar take samun kaso mai yawa na ruwan sha da na noma. A 2015 da aka auna, kashi 5 cikin ɗari na abin da aka saba gani aka samu, har gwamnan lokacin, Jerry Brown, ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa a Phillips Station, inda a da ake tsayuwa a kan tudun ƙanƙara. A 2023 kuwa an samu kashi 237 cikin ɗari a faɗin jihar, kudancin Sierra ma ya kai ninki uku na abin da aka saba, a dutsen Mammoth dusar da ta zuba ta haura inci 700, kusan mita 18, sannan titin Tioga da ke ratsa gandun Yosemite ba a buɗe shi ga motoci ba sai ranar 22 ga Yuli. Hanya ɗaya ce a taswira, amma wanda ya bi ta a 2015 da wanda ya bi ta a 2023 ba tafiya ɗaya suka yi ba. Kakanka bai taɓa shuka don wata ya kama ba, sai ya tona ƙasa ya ga inda jiƙo ya kai, to haka nake so ka yi da wannan tafiya, ka tsara ta a kan shekarar da Allah ya kawo, ka bar shekarar da ka yi zato.

Saboda haka duk wanda zai ba ka shawara, ka fara tambayarsa cikin ladabi a wace shekara ya yi tafiyar. Mutanen kirki ne, ba ƙarya za su yi maka ba, sai dai wanda ya ƙetare rafi ruwa iya ƙwauri zai rantse maka rafin ba komai ba ne, alhali a shekara irin wannan rafin nan zai iya kai maka ƙirji. Za ka ji ana cewa 15 ga Yuni ce ranar shiga Sierra daga Kennedy Meadows, wajen mil na 700, kamar yadda wani tsohon matafiyi mai suna Ray Jardine ya shawarta tun da daɗewa. Shawara ce mai kyau ga matsakaiciyar shekara. A shekarar dusa mai yawa, tsakiyar Yuni na iya zama daidai lokacin da narkewa ta kai ƙarshen ƙarfinta, rafuka suka cika suka batse.

Kada kuma ka ɗauka sai ka kai Sierra za ka gamu da ƙanƙara. Mutane suna kiran farkon hanyar hamada, sai su saki jiki, alhali kafin ka cika mil 200 za ka hau duwatsun San Jacinto, inda hanyar take bin gefen gangare mai santsi a wajen Apache Peak da Fuller Ridge. A watan Maris na 2020 wani saurayi ɗan shekara 22 ya zame a wajen Apache Peak, ya faɗi, bai tashi ba. Sa'anka ne, yana da iyaye kamar naka. Kayan ƙanƙararka su kasance a hannunka kafin ka kai wurin, kada ka aika su gaba can Kennedy Meadows don rage nauyi.

Bari in gaya maka yadda yini yake a kan dusa, domin na taka wasu daga cikin mashigan duwatsun nan a lokacin da gwiwoyina suke da ƙarfi, kuma ko a shekara mai sauƙi na ga abin da ya ishe ni. Da dare sanyi yakan daskarar da saman dusar ta yi tauri, saboda haka masu hankali sukan tashi ƙarfe uku ko huɗu na dare, fitila a goshi, su sa takalmin da ya kwana a daskare, su yi ta hawa don su ƙetare mashigi tun rana ba ta yi ƙarfi ba. A wannan lokaci ƙusoshin ƙarfen da ka ɗaura a ƙasan takalmi suna kama ƙanƙara, kana jin ƙarar kowane taku. Da hantsi ya ɗaga sai dusar ta fara laushi, kafin azahar ta zama tabo, ka ɗora ƙafa ta nutse har gwiwa, ka zare ta da ƙyar, ka ɗora ɗayar ta nutse har cinya, wani lokaci ƙarƙashin akwai dutse mai kaifi ko ramin da ruwa ya rarake. Rana kuma takan sassaƙa saman dusar ta zama ramuka ramuka, babu inda za ka ajiye ƙafa a miƙe. Hanyar da aka share ba za ka gan ta ba kwana da kwanaki, sai sawun waɗanda suka riga ka, su ma ba lallai ne sun bi daidai ba. Wanda yake cin mil 20 ko fiye a yini a can ƙasa, a nan idan ya ci rabin haka ya gode Allah.

Mashigan kuwa a jere suke, kusan kowace rana da nata: Forester, wanda ya fi ko'ina tsawo a duk hanyar, ya ɗan haura mita 4,000, sai Glen, sai Pinchot, sai Mather, sai Muir inda aka gina ɗakin dutse tun 1930 don matafiya su fake. Dab da saman Forester akwai wata siririyar gangara da dole ka ratsa ta a gicciye, ƙasa kuwa nisa ne mai tsinka zuciya. A irin wurin ne ake riƙe gatarin ƙanƙara, domin idan ƙafa ta zame ka kifa a kansa ka kafa bakinsa a cikin dusa ka tsayar da kanka kafin gudu ya yi yawa. To ɗana, sayen gatarin ba shi ne iya shi ba. Na sha ganin samari sun ɗaure shi a bayan jaka yana ƙyalli, ranar da ake bukatarsa yana can a ɗaure. Ka ware kuɗi da kwanaki ka je wajen masu koyarwa, su kai ka gangaren da ƙasansa babu duwatsu, su sa ka faɗi ta baya, ta gaba, kai a ƙasa, har hannunka ya riƙa aikin kafin tunani ya zo. Kallon bidiyo a waya ba zai koya wa jikinka wannan ba. Ka tambaye su kuma yadda ake gane gangaren da dusarsa ke shirin zaftarewa, domin a farkon bazara, da rana ta yi zafi, jiƙaƙƙiyar dusa takan sulluɓo gaba ɗaya.

Amma abin da ya fi hana ni barci ruwa ne. Dusar nan duk da yawanta dole ta narke, kuma idan ta narke ta rafukan da za ka ƙetare za ta bi, yawancinsu babu gada. A 2017, wadda ita ma shekarar dusa ce mai yawa, 'yan mata biyu masu wannan tafiya, ɗaya daga Japan ɗaya daga Sin, sun rasu a ruwa cikin watan Yuli, ɗaya a kogin South Fork Kings, ɗaya a wani rafi da ke arewacin Yosemite. Sun riga sun yi ɗaruruwan mil, sun ƙetare mashigai, ba baƙin hanya ba ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan nan ɗazu ƙanƙara ne, da ka shiga cikin minti kaɗan ƙafafunka za su mutu, ka daina jin inda kake takawa, ga ƙarfinsa yana tura ka, ga ƙarar da ke hana ka jin abokinka ko yana ihu. Idan ka kasa kunne a bakin rafi ka ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙarar ruwan, duwatsu ne ruwan yake mirginawa, kuma ruwan da ya mirgina dutse ba zai ji nauyinka ba.

Ga abin da masu sanin wurin suke yi, ka riƙe shi da kyau. Sukan ƙetare da sassafe, domin narkewar yini da yamma take isowa rafi, da asuba kuwa ruwan ya ja baya, har ma wani lokaci rafin da ya gagara da la'asar a wuce shi lafiya da safe. Wannan zai sa ka zauna ka yi lissafi tun daga tanti, saboda mashigi yana son safiya, rafi ma yana son safiya, safiya kuwa ɗaya ce a yini, don haka wani yinin rafi ɗaya za ka ƙetare ka kafa tanti, kada ka ga kamar ka yi asara. Ba dole ne ka ƙetare a inda hanya ta faɗa ruwa ba, ka bi gaɓa sama ko da awa ɗaya ce ko biyu, ka nemi inda rafin ya yi faɗi ya rarrabu, ko inda ya ratsa fili ya lafa, kamar yadda ake yi a Evolution Creek, inda ake barin mashigin da aka saba a koma ta cikin makiyaya. Kafin ka sa ƙafa ka dubi ƙasa da kai, ka tambayi kanka in na faɗi ina ruwan zai kai ni, idan gangara ce ko tarin itatuwan da suka tare ruwa, bar wurin. Ka kwance ɗamarar jakarka domin ka iya yar da ita, kada ka cire takalmi, ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka dogara da sanda, ka riƙa jan ƙafa a gicciye ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗaura igiya a ƙugu, takan danne mutum a ƙarƙashin ruwa. Gadar da dusa ta yi a kan rafi kuwa, wadda ta ɗauki mutum goma da safe tana iya karyewa da na sha ɗaya da rana. Kuma ko kusa kada ka ƙetare babban ruwa kai kaɗai.

Batun abinci ka yi lissafinsa da tafiyar dusa. Daga Kennedy Meadows zuwa inda ake fita ta mashigin Kearsarge a gangara garin Independence ko Bishop kusan mil 90 ne, kuma abincin dole ya shiga tulun robar nan mai tauri da hukuma ta wajabta saboda dabbar beyar, tulun kuwa ba ya ɗaukar abinci mai yawa. Ka ƙara guzurin kwana biyu a kan lissafinka, domin mai yunwa shi ne yake faɗa wa ruwan da ya kamata ya jira, abincin da ke jakarka shi ne zai ba ka ikon haƙuri. Ka bincika kuma waɗanne tituna da wuraren sayen guzuri aka buɗe, saboda a irin wannan shekara sukan makara, gadoji ma sukan lalace. A 2023 nauyin dusa ya lanƙwasa gadar kogin South Fork San Joaquin, har matafiya da yawa suka riƙa fita ta mashigin Bishop su dawo ta Piute. Ka san kowace ƙofar fita tun kana gida, ka yi mata alama a taswirar takarda, ka riƙe kamfas, domin sanyi yana shanye batirin waya.

Jikinka ma akwai maganar da abokan tafiyarka Turawa ba lallai su tuna maka ba. Ka je ka auna jininka idan ba ka riga ka sani ba, domin a cikin mutanenmu masu ɗauke da ƙwayar sikila ta AS suna da yawa, suna zaune lafiya ba su taɓa ciwo ba, amma a wuri mai tsawo, inda iska ta yi ƙaranci, ga wahala ga ƙishirwa, an sha samun masu AS da saifarsu ta kamu, su ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. Ka gaya wa likita tsawon da za ka hau, ka ji abin da zai ce. Ko ba ka da AS, idan ciwon kai ya dame ka da tashin zuciya, ko numfashi ya gagara kana zaune, maganinsa sauka ƙasa, kada ka ƙara hawa. Kada kuma ka ce baƙar fata ba ta jin rana, domin hasken da dusa take mayarwa yana ƙona leɓe da ƙasan haɓa da cikin hanci, ido kuwa in babu baƙin tabarau mai kyau yini guda ya isa ya sa ka kwana kamar an zuba maka yashi a ciki, ba ka gani.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Duk abin da na lissafa za ka iya samunsa a wajen wasu, har su fi ni bayani. Abin da nake tsoro a gare ka kunya ce. Na san ka tun kana ƙarami, ba ka son a ce ka kasa, ga shi ka sanar da abokai, ka sa hotuna a Instagram, wataƙila ma kai kaɗai ne Bahaushe a cikin ayarin, kana jin idan ka juya kamar ka ba da mu duka. Ɗana, ba mu aike ka ba, kuma ba mu ɗora maka wannan kaya ba. A bakin rafi, kana jiƙe, kana jin yunwa, abokai huɗu sun riga sun ƙetare suna ɗaga maka hannu, a nan hankali ba ya yanke hukunci mai kyau. Saboda haka ka yanke hukuncin tun yanzu, a ɗakinka, cikinka a ƙoshe. Ka rubuta a takarda: idan ruwa mai gudu ya wuce cinyata ba zan shiga ba, idan rana ta yi kaza ban kai saman mashigi ba zan koma in kwana a ƙasa, idan guzuri ya ragu zuwa kaza zan fita ta ƙofa mafi kusa. Ka karanta wa abokan tafiyarka tun a Kennedy Meadows, ka dubi fuskokinsu. Wanda ya yi dariya, ka yi masa fatan alheri, ka nemi wani ayarin. Abokin da kake so shi ne wanda zai tsaya a yi shawara a kan mafi rauni a cikinku, domin ruwan da ya tsaya wa dogo a cinya, gajere a ƙugu yake kama shi, kuma kai ma wata rana kai ne za ka zama mai raunin.

Hanyoyin da ke gabanka ba ɗaya ba ne, kowace da kuɗinta. Kana iya rage sauri a kudu, ko ka tsaya ka jira makonni har ruwa ya ja, sai dai jira yana cin aljihu, kuma yana matse ka a ƙarshe, domin a duwatsun Washinton sabuwar dusa takan fara sauka daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Kana iya tsallake Sierra a mota ka ci gaba daga arewacin Kalifoniya ko Oregon, ka dawo mata daga baya, kamar yadda mutane da yawa suka yi a 2017 da 2019 da 2023, amma ka bincika da kyau, domin a shekara irin wannan can ma dusa takan daɗe a cikin dazuzzuka, ga gobarar daji da takan rufe sassan hanya a ƙarshen bazara. Kana iya kuma raba tafiyar shekara biyu. Idan ra'ayina kake so, tunda ba ka taso a cikin dusa ba, kuma hunturun da ka sani na birni ne, ni zan fi son ka yi kudu a natse, ka tsallake Sierra, ka dawo mata a watan Agusta, lokacin da hanya ta bayyana, rafuka suka koma yadda aka san su, ka ma hau dutsen Whitney, mai mita 4,421, kana kallon abin da ka zo gani maimakon kallon ƙafafunka. Za a samu masu cewa tafiyarka ba ta zama a jere ba, ka bar su da maganarsu.

Sallarka kada ka bari ta zama abin da ake yi in an samu sarari. Matafiyi yana da sauƙin da addini ya ba shi, na ƙasaru da haɗa salloli, da shafa a kan huffi, da taimama idan ruwa zai cutar, to ka zauna da malami kafin ka tashi ya warware maka hukuncin kowanne, domin kada ka tsaya kana shakka a kan dutse da yatsu a daskare.

Abu na ƙarshe, ka sayi na'urar nan mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, domin a cikin Sierra waya ba ta samun layi kwana da kwanaki, idan kuɗin ya yi maka yawa ni zan biya. Ka sani dai ko ka danna neman agaji masu ceto ba nan take za su iso ba, su ma rayukansu suke sakawa a haɗari, saboda haka kada riƙe ta ya sa ka shiga inda da babu ita ba za ka shiga ba. Ka riƙa aika wa mahaifiyarka saƙo kowace yamma ko da kalma biyu ce, ka kuma gaya mata tun yanzu cewa wani lokaci saƙo yakan makara, don kada shirun dare ɗaya ya tayar mata da hawan jini. Takardar sharuɗɗan nan da na ce ka rubuta, ka turo mini kwafinta tare da ranakun da kake sa ran fita kowane gari, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu bi ta layi layi. Allah ya tsare, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.